Yadda Ake Duba Zanen Takardar Tallar Asibiti a Ba Mai Zane Gyara Kafin a Kai Bugu

Masu ƙananan asibitoci da gidajen haihuwa a unguwannin Nima da Mamobi da Madina na Accra sun sha tare ni da tambaya ɗaya: yaron da muka ba aikin zane ya turo samfurin takardar tallarmu a WhatsApp, ya ce mu duba mu faɗi gyara, to me za mu duba? Galibi amsa biyu ake ba mai zane. Wani ya ce "ya yi kyau, a buga", alhali bai karanta ba. Wani ya ce "bai kwanta min ba, ƙara masa armashi", ya bar yaro yana kame-kame, ya sauya shuɗi zuwa kore, ya dawo, a sake ce masa bai yi ba.

Na daɗe ina kai-komo tsakanin teburin karɓar marasa lafiya da shagunan buga takardu na New Town, kuma abin da na gane shi ne dubawar tana da jeri. Gaskiyar bayani ake fara bi, sai doka, sai ko mai karatu zai gane, sannan a zo kan ado. Wanda ya fara da kala, a kan kala zai ƙare, lambar wayar da aka rubuta ba daidai ba ta wuce ta gabansa. Misalin da zan bi shi ne takardar A4 mai ninki uku, wadda aka fi yi, mai fuska shida.

1. Tanadi kafin ka furta komai

Ka ce wa mai zane ya turo aikin a PDF, kuma ya aiko shi a matsayin fayil. In ya turo shi kamar hoto, WhatsApp zai matse shi, ƙananan rubutu su dusashe, ka ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba. Ka kai fayil ɗin kowane shagon fotokwafi a buga maka gaba da baya a takarda ɗaya, da ainihin girmansa, kada a rage. Ko baƙi da fari ne ya wadatar a wannan matakin. Ka ninka da hannunka.

A waya kana buɗa hoto da yatsu biyu, komai ya fito ɓaro-ɓaro. Tsohuwar da za a miƙa wa takardar a bakin masallaci ba ta da wannan damar.

Ka ajiye jan biro, da rula, da wayarka, da takardar lasisin asibitin kusa. Ka sa wa fuskokin lamba: bango 1, fuskokin ciki 2, 3, 4, leɓen da ke naɗewa ciki 5, baya 6. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa mai zane, don in ka ce "fuska ta 4" ku duka ku san wuri ɗaya kuke nufi.

Abu biyu za a daddale tun yanzu. Na farko, zagayen gyara nawa ne ke cikin kuɗin zanen? Yawanci biyu ne ko uku, abin da ya haura kuwa sabon ciniki ne, kuma gara a ji tun da wuri da a yi ta cacar baki daga baya. Na biyu, wa zai riƙa magana da mai zane? Mutum ɗaya. In Alhaji mai asibiti ya kira ya ce a ƙara girman tambari, Hajiya ta turo saƙo a rage shi, babbar nas ta ce a cire hoton da Alhaji ya zaɓa, aikin ya watse ke nan.

Gargaɗi: kada ka karɓi samfur yau alhali jibi ne taron gwajin lafiya kyauta da za a raba takardun. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka aƙalla mako biyu daga samfurin farko zuwa ranar rabo.

2. Bin bayani ɗaya bayan ɗaya

Nan ne ya fi cin lokaci, kuma nan ne aka fi yin asara. Ka manta da kyau ko muni. Ka ɗora rula a ƙarƙashin kowane layi, ka karanta da ƙarfi.

Lambobin waya: kada ka karanta, ka buga. Ka danna lambar kamar yadda take a takardar, kana kallon takardar, ka ji ko wayar teburin ce ta yi ƙara. Lambar Ghana goma ce har da sifilin farko, ka ƙirga. Idonka ya saba da lambarka, ko an juya biyu daga ciki zai nuna maka daidai ne. Ni kaina na taɓa sa hannu a kan takardar wani gidan haihuwa da 6 ta koma 9. Sai da aka raba fiye da rabi muka sani, ranar da wani bawan Allah mai sayar da kayan mota ya kira a fusace, ya ce mata masu naƙuda sun hana shi barci. Sauran kwalin mun kwana muna manna 'yan ƙananan takardu a kan lambar, ɗaya bayan ɗaya. In akwai lambar MoMo, wato ta tura kuɗi a waya, ka gwada ka ga sunan da ke fitowa, ya zama sunan da mai biya zai gane.

Adireshi: ka kwafi lambar adireshi ta GhanaPost GPS daga takardar ka sa a manhajar, ka ga ko ƙofarku ta nuna. Tun 2017 aka shigo da wannan tsarin, amma har yau a zango da kwatance ake gane wuri. Don haka a haɗa biyun: lambar, da kuma "bayan masallaci kaza, lungu na biyu hannun dama in ka fito daga kasuwar Nima", da sunan tashar da mai tirotiro, wato motar haya, zai sauke mutum. In an zana taswira, ka ba wanda bai taɓa zuwa ba ya bi ta da ƙafa. In akwai lambar QR, ka gwada ta daga takardar da wayoyi biyu, kada faɗinta ya gaza santimita 2.

Lokutan aiki: in an rubuta awa 24, shin ƙarfe biyun dare akwai mai buɗe ƙofa? Ɗakin gwajin jini fa, shi ma awa 24 ne? Ranar Juma'a ana tsayawa don salla? Wace rana ce ta awon ciki, wace ce ta awon yara da rigakafi? In likitan ido ko na haƙori Asabar kaɗai yake zuwa, a rubuta Asabar.

Ayyuka: masu zane suna yawan kwafo jerin ayyuka daga takardar wani asibiti don cike gurbi, da niyyar a gyara daga baya, sai a manta. Ka bi jerin, duk abin da ba ku yi ka soke. Abin da kuke shirin farawa baɗi ma ka soke.

Inshora: kada a rubuta ana karɓar NHIS, inshorar lafiya ta ƙasa, sai hukumar inshorar ta tantance asibitin kuma izininku na nan da rai. In akwai abin da katin ba ya biya, kamar wani gwaji ko hoton ciki, gara a faɗa a takarda da a yi rigima a teburin biya. Layi ɗaya da ke tuna wa mutane su sabunta katinsu ta buga *929# a waya ya fi hoton fure amfani.

Gargaɗi: farashi kada ya shiga takardar da za ta yi shekara ana rabawa. Kowa ya ga yadda kuɗin magani ke bin tashi da faɗuwar sidi. Wata uku kaɗai, sai wani ya zo da takardar a hannu yana cewa ai ga abin da kuka rubuta.

3. Abin da doka ta hana

Mai zane ba lallai ya san wannan ba, kuma in hukuma ta zo ba shi za ta nema ba.

Ka gwama sunan da ke bango da wanda ke kan lasisin HeFRA, hukumar da dokar cibiyoyin lafiya ta 2011 ta ɗora wa ba da lasisi. In lasisin na gidan haihuwa ne ko ƙaramin asibiti, kada takarda ta ɗaga ku zuwa babban asibiti. Haka muƙamai: mataimakin likita aikinsa mai daraja ne, amma ba a sa masa Dokta gaban suna. Ungozoma a ce ungozoma, nas a ce nas.

Sai alƙawarin warkarwa. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana tallar magani, na Bature ko na gargajiya, ba tare da amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ba, kuma ta hana a tallata wa jama'a magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, cikinsu har da ciwon suga, hawan jini, ciwon daji da raunin mazakuta. Don haka duk inda ka ga "muna warkar da suga har abada" ko "haihuwa tabbas", ka ja jan layi. A ce "muna gwaji da kula da masu ciwon suga da hawan jini", wanda shi ne gaskiyar abin da kuke yi. "Asibitin da ya fi kowanne a Accra" shi ma a cire, ba ka da hujjarsa.

Hotunan marasa lafiya: dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Duk fuskar da ta fito, a sami izini a rubuce, na yaro kuwa daga iyayensa. Ka duba bayan hoton ma: fayil a buɗe a kan tebur, suna a jikin allo, wata mata zaune a benci da ba ta san ana ɗauka ba. Zango ƙaramin gari ne. Hoton mace a layin awon ciki yana iya isa gidan surukanta kafin ita ta faɗa.

Jan kuros a kan farin fili, wanda masu zane ke son liƙawa ko'ina, alama ce da yarjejeniyoyin Geneva na 1949 suka keɓe wa ƙungiyar Red Cross da ma'aikatan lafiya na soja. A sauya shi. Tambarin wata hukumar gwamnati ma ba a ɗora shi don ƙawa sai da izini.

4. Gwada ta a hannun masu ita

Ka ɗauki takardar da ka ninka ka shiga ɗakin jira. Ka zaɓi mutum uku zuwa biyar da ba ma'aikatanku ba: dattijuwa, matashiya mai goyo, magidanci. Ka gaisa, ka miƙa, ka ce, "Mma, don Allah duba min wannan." Ka ƙirga biyar a zuci ka karɓe, ka tambaya: ta mene ce? Sannan ka mayar mata ka ce, "In jikarki ta fara naƙuda da dare, wace lamba za ki kira?" Ka yi shiru, ka kalli hannunta. In ta juya takardar sau uku, ko ta nisanta ta da ido tana ƙanƙance fuska, ka sami gyaranka ba tare da ta ce komai ba.

Kada ka tambayi kowa "ya yi kyau?" Kunya za ta sa ya ce ya yi.

Maganar harshe tana da sarƙaƙiya a nan Accra. Da yawa cikinmu Hausa muke yi a gida da kasuwa, amma karatun boko da Turanci muka yi shi, wasu kuma rubutun Larabci ya fi musu sauƙi. Shafi guda cike da Hausa zalla yana iya gagarar wanda da Hausa ya tashi. Abin da na ga ya fi aiki shi ne Turanci mai sauƙi, da gajerun layukan Hausa a kanun bayani, irin "awon ciki", "awon yara", "gwajin jini", da kalmomin da ake faɗa a unguwa. In an sa Hausa, ka duba ƙ da ɗ da ɓ. In an sa Twi ko Ga, ka duba ɛ da ɔ da ŋ. Salon haruffa da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ko gurbi a madadinsu. Noto Sans da Andika suna da su duka, kuma kyauta ne. Fassarar na'ura kuwa, kada ta wuce sai mai harshen ya karanta.

Wani abin da ake mantawa: in kuna da ma'aikaciya mace mai duba mata, a faɗa a fili, a bango ma in da hali. A unguwanninmu wannan layin kaɗai yana kawo mutane.

5. Sai yanzu a kalli tsari da ado

Bango aikinsa uku: sunan wuri, abin da ake yi, da yadda za a same ku. Tarihin kafa asibiti da hoton Alhaji a kujera su koma ciki, in ma dole ne. Baya kuwa na lamba ne da adireshi da lokutan aiki, domin takarda a kife ake yawan ajiye ta. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, tana da gurbi a nan.

Ka duba ninkin. Faɗin A4 milimita 297 ne, kuma ba a raba shi uku daidai wa daida. Leɓen da ke shiga ciki ana rage shi, misali 100, 100, 97, in ba haka ba takardar ta riƙa kumbura. A shimfiɗe, fuskar waje bango na hannun dama ne. In ka ninka ka ga bango ya faɗa ciki, an juya tsarin. Ka sa rula: rubutu ya nisanci layin ninki da bakin takarda da kamar milimita 5.

Girman rubutu kada ya gaza 11 ko 12 a ma'aunin haruffa na kwamfuta, in dattawa ake nufi a kai 14. In mai zane ya ce ba zai shiga ba, maganar ce ta yi yawa, ku rage ta. Farin rubutu siriri a kan ruwan ɗorawa, ko rubutu a kan hoto, kyakkyawa ne a kwamfuta, a takarda kuwa wahala. Salon haruffa biyu sun isa. Filin da aka bari fari ba asarar kuɗi ba ne, a nan ido ke hutawa, kada ka ce a cike.

Hotuna: likitan Bature mai murmushi da aka ɗauko a intanet bai san hanyar Mamobi ba, kuma kowa ya san haka. Hoton ƙofarku ya fi shi, don da shi za a gane wurin. In hoton na'ura ce ta ƙirƙira, ka ƙirga yatsu. Jini, miki da ɗakin tiyata a bar su.

6. Yadda ake rubuta gyaran

Ka tattara na kowa, ka warware saɓani a cikin gida, ka fitar da jeri ɗaya a rubuce mai lamba. Saƙon murya na minti bakwai ba gyara ba ne: yaro zai saurara sau ɗaya a cikin mota, ya kama uku ya manta takwas. Ka haɗa da hoton takardar da ka yi wa jan biro.

Ka kasa jerin uku: dole, ya kamata, da ra'ayi. Kuskuren lamba da maganar doka dole ne. Ƙaramin rubutu ya kamata. "Na fi son kore" ra'ayi ne, kuma ka faɗa masa ra'ayi ne, yana iya musawa.

A kowane gyara ka faɗi wuri, da matsala, da dalili. A kan bayani ka ba shi ainihin kalmomin da zai kwafa. A kan zane kuwa ka faɗi abin da ya dame ka, ka bar masa neman mafita, sana'arsa ce. Maimakon "ƙara girman komai", ga irin saƙon da nake turawa:

"Salamu alaikum ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bangon ya fito, kalar ta dace da tambarinmu, kada ka taɓa ta. Ga gyara. Dole: 1. Fuska ta 6, lamba ta biyu ba daidai ba ce, ga ta nan ƙasa ka kwafa. 2. Fuska ta 3, cire tiyata, ba ma yi. Ya kamata: 3. Fuska ta 4, dattawa biyu sun kasa karanta lokutan aiki, farin ya ɓace a cikin hoton, duba yadda za ka fito da shi. Ra'ayi: 4. Hoton fuska ta 2 kamar ya yi duhu, me ka gani?"

Faɗin abin da ya yi daidai ba daɗin baki ba ne kawai, yana hana shi rushe wurin da ba ka so a taɓa. Kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: in ya kawo hujja a kan wani abu, ka saurara. Sau da yawa a kan tazara da kala shi ne mai gaskiya.

Gargaɗi: kada ka riƙa tura gyara ɗiɗɗiga-ɗiɗɗiga, ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar. Kowane saƙo yana iya zama zagaye guda a lissafinsa.

7. Samfur na biyu

Ka sa a rubuta lamba da kwanan wata a sunan kowane fayil, don kada tsohon ya tafi wurin bugu. Ka bi jerinka ka yi wa kowane gyara maki, sannan ka sake karanta takardar duka daga farko, domin gyaran layi ɗaya yana ture na ƙasansa. Ka sake buga lambobin waya. Ka ba wanda bai taɓa ganin ta ba ya karanta.

8. A shagon bugu

Ka tambayi mai zane abu huɗu kafin fayil ya tafi. Ya bar rarar milimita 3 a kowane gefe, don in wuƙa ta ɗan kauce kada farin layi ya fito? Kalolin a tsarin CMYK suke, wato na tawada? Na fuskar waya sun fi haske, shuɗi mai ƙyalli yakan fito a dushe. Hotuna sun kai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto? Ya daskarar da haruffa, wato ya mayar da su zane, ko ya cusa su cikin PDF ɗin? Wannan na ƙarshe shi ke hana ƙ da ɗ ɓacewa in an buɗe aikin a manhajar zane ta CorelDRAW a wata kwamfuta. In a manhajar Canva aka yi, a sauke shi a PDF na bugu tare da alamun yanka. Ƙananan baƙaƙen rubutu kuma su zama baƙar tawada zalla, ba haɗin kala huɗu ba, don kada su yi inuwa.

Kuɗin bugu abu huɗu ke tsayar da shi: yawa, nauyin takarda, irin inji, da ƙarin aiki kamar ninki da shafen roba. Kwafi ɗari ko ɗari biyu, injin dijital ya fi sauƙi. In an doshi dubu, babban inji mai faranti ya fi araha a kan kowane kwafi, sai dai shi kowace kala da farantinta, kuma da zarar an ƙona faranti, gyaran harafi ɗaya ma sai an biya sabo. Ka zaga shago uku a New Town ka ji farashi a kan abu iri ɗaya, ka tambaya ko ninki na ciki.

Takarda mai nauyin giram 130 zuwa 150 ta isa mai ninki uku. In ta haura 170, a fara tsaga mata layi kafin a ninka, in ba haka ba kalar ta fashe a gaɓa. In akwai gurbin da nas za ta rubuta ranar dawowa, kada a zaɓi mai sheƙi, biro ba ya kama ta sosai.

Ka nemi a buga maka kwafi ɗaya a ainihin takardar, a yanke, a ninka. Ka fito da shi waje ka duba a hasken rana, ka sa hannu da kwanan wata a bayansa, ka ɗauki hotonsa. In rigima ta taso a kan kala, shi ne shaidarka. Ranar karɓar kaya ka zaro daga sama, daga tsakiya, daga ƙasan kwali, ka gwama da wanda ka sa wa hannu kafin ka cika sauran kuɗi. Sannan ka karɓi ainihin fayil ɗin da ake iya gyarawa daga hannun mai zane, ba PDF kaɗai ba, ka ajiye a imel ɗin asibiti, domin ranar da lambar waya ko lokacin aiki zai sauya, mai yiwuwa yaron ya sauya waya ko ya bar gari.